Eriyar gajeren zango ga wanda baranda kaɗai gare shi

Tambayar da aka yi ita ce: "Na sami lasisin rediyon masu sha'awa, na kuma sayi na'ura mai wat 100. Ina haya ne a hawa na uku na gidan bene. Ba fili, ba damar hawa rufi, sai baranda mai tsawon mita 3, kuma mai gidan ya ce kada ya ga an kafa masa dogon ƙarfe. Wace eriya ce za ta yi mini aiki daga zangon mita 40 zuwa na mita 10?"

Malam, za ka yi magana da ƙasashe masu nisa daga wannan barandar, amma gara ka san iyakar abin tun kafin ka yanka waya. Abu uku ake so a jikin eriya: ta zama ƙarama, ta watsa yawancin wutar da aka ba ta, ta kuma yi aiki a zango mai faɗi ba sai an yi ta murɗe-murɗe ba. Biyu ake samu a lokaci ɗaya, ukun ba sa haɗuwa. Harold Wheeler a 1947 da L. J. Chu a 1948 sun tabbatar da haka ta lissafi, har yau kuma ba wanda ya ƙetare wannan iyaka. Don haka idan ka ga tallar wata 'yar eriya mai tsawon hannu da aka ce tana ɗaukar duk zanguna ba tiyuna, wato na'urar daidaita eriya da rediyo, ka tabbata yawancin wutarka zafi take zama a cikin akwatinta. Ko rizista mai om 50 ka jona wa na'urarka, SWR ɗinka, wato ma'aunin yadda eriya ta dace da na'ura, zai nuna mafi kyawun lamba, 1:1, a ko'ina, alhali ba wanda zai ji ka. Wannan ita ce maganar da nake so ka riƙe har ƙarshen aikin: kyawun SWR yana nuna na'ura ta sami inda za ta zuba wuta, bai nuna wutar ta tashi sama ba.

Ga lissafin tsawo, don ka ga inda matsalar take. Cikakkiyar daifol, wato miƙaƙƙiyar waya mai rabin zango da ake jona wa kebul a tsakiya, tana da tsawon 143 raba da lambar megahaz, amsar a mita. A megahaz 7.1 (zangon mita 40) mita 20 ke nan da ɗan ɗoriya, a 14.2 (zangon mita 20) mita 10, a 21.2 (zangon mita 15) mita 6.7, a 28.5 (zangon mita 10) kuma mita 5 kacal. Eriyar tsaye ta rubu'in zango rabin wannan ce: mita 10, mita 5, mita 3.4 da mita 2.5. Ka ga ke nan daga zangon mita 20 zuwa na mita 10 kusan cikakkiyar eriya za ka iya ɗaurawa, mita 40 kuwa dole sai da dabara da asara. Shawarata ka gina tasharka a kan zangon mita 20, 17 da 15, ka ɗauki mita 40 a matsayin ƙari, ka manta da mita 80 tukuna. Kana kuma da abin da masu fili da yawa ba su da shi, wato tsawo. Hawa na uku ya kai mita 8 zuwa 10 daga ƙasa, kusan rabin zango ke nan a mita 20, kuma a wannan tsawon ne sigina ke fita ƙasa-ƙasa ta nufi nesa maimakon ta miƙe sama.

Kafin ka sayi ko da ƙusa, auna hayaniyar gidanka, domin a gidan bene ita ke fara kayar da mutum, ba rashin ƙarfin watsawa ba. Jefa waya mai mita 5 a baranda, jona wa rediyon batir mai bolt 12, ka nemi wurin da ba kowa a kowane zango ka rubuta abin da ma'aunin S, mai nuna ƙarfin abin da rediyo ke kamawa, ya nuna. Sai ka kashe babban makunnin wutar ɗakinka gaba ɗaya ka sake dubawa. In allura ta sauko daga S8 zuwa S4, to mai hayaniyar yana cikin ɗakinka, kuma labari ne mai daɗi, don kowane mataki ɗaya na S desibel 6 ne, wato ninki huɗu na ƙarfi, babu eriyar baranda da za ta ba ka ribar da ta kai wannan. Mayar da wutar layi ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi. Yawanci cajar waya ce ko ta kwamfuta, ko ƙwan LED mai araha, ko adaftar na'urar intanet, ko inbata ta sola. Wanda za a iya canzawa a canza shi. Wanda ba za a iya ba, a naɗa wayarsa sau 6 zuwa 8 a cikin zoben feriti mai lamba 31 (baƙin zobe ne mai tare hayaniyar da ke bin waya), dab da jikin na'urar. 'Yan feritin nan da ake maƙalawa waya ta ratsa sau ɗaya ba su da wani tasiri a gajeren zango, domin ƙarfin tarewar yana ƙaruwa ne kusan da ninkin yawan naɗi a kansa: naɗi 6 ya fi naɗi 1 kusan sau 36. Idan ka kashe komai allura ba ta motsa ba, hayaniyar ta maƙwabta ce, wannan kuma zai karkata zaɓinka zuwa eriyar zobe da zan yi bayani a gaba.

Abu na biyu, eriya ta fita daga jikin gini. Bangon kankare cike yake da rodi, ga wayoyin lantarki da bututu a ciki. Duk waɗannan suna shan sigina, suna kuma zuba wa eriya hayaniya. Mita ɗaya da ka ƙara tsakanin waya da bango tana kawo bambanci babba.

Mafi sauƙin abin da zai yi maka aiki shi ne waya a jikin sandar kamun kifi mai zugewa. Nemi ta faiba mai tsawon mita 6 ko 7, kada ka ɗauki ta kabon, ita tana ɗaukar wuta tana ɓata aikin. Ɗaure gindinta a ƙarfen baranda da maɗaurai biyu masu ƙarfi, ta karkata waje kamar digiri 45. Bi jikinta da waya mai rufin roba, mai kauri murabba'in milimita 0.75 ko 1, tsawon mita 5.1 don zangon mita 20, ka jona ta da tsakiyar kebul ɗin kowaks, wato kebul mai waya a tsakiya da saƙar ƙarfe kewaye da ita, wanda ke zuwa rediyo. Saƙar waje ta kebul ɗin kuma ka jona mata wata waya mai tsawo ɗaya da ta farko. Wannan ta biyun ita ce wayar dawowa, rabin eriyar ce, kuma ita mutane suka fi rainawa. Shimfiɗa ta a gefen baranda, ka ɗaga ta daga daɓe da ƙarfe ko da santimita 10 ne, in ta ƙare wuri ka lanƙwasa ta, ka naɗe bakinta da tef sosai domin a bakin ne bolt ke taruwa. Kada ka taɓa amfani da bututun gas ko wayar ƙasa ta lantarkin gida a madadinta. Shi ma ƙarfen baranda ba abin dogaro ba ne, sau da yawa a haɗe yake da rodin gini da barandar maƙwabci, sai ka kai masa wutarka har ɗaki.

Wajen saiti, na'urar awo irin NanoVNA ta wadatar. Nemi inda SWR ya fi sauka. In ya sauka a ƙasa da inda kake so, wayar ta yi tsawo. Kashi 1 cikin 100 na tsawo yana matsar da wurin da kashi 1 cikin 100, wato santimita 5 a jikin waya mai mita 5 suna matsar da kai kilohaz 140 a zangon mita 20. Ninke bakin wayar baya ka ɗaure, kada ka yanke sai ka gama, kuma ka riƙa rage wayar dawowa tare da ita. Waya mai rufin roba takan fito gajeriya da kashi 2 zuwa 4 a kan lissafi, kusancin bango ma yana ƙara saukar da ita, don haka kada ka yi mamaki in ka ƙare a mita 4.8. Don mita 17 ana bukatar kusan mita 3.95, don mita 15 kusan 3.4, don mita 10 kusan 2.5. Ka yanka wayar gida-gida ka sa 'yan mahaɗai, sai ka riƙa cirewa da jonawa. Ita kuma sandar tana zugewa cikin minti ɗaya ta koma ɗaki, wanda ya sa ya fi sauƙi ka shawo kan mai gida: nuna masa ita a zuge da kuma a miƙe, ka gaya masa ba huda bango, ba abin da zai kwana a waje.

Wannan sandar za ta iya mita 40 in ka sa mata kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, a gindi. Waya mai mita 5 a megahaz 7.1 tana bukatar kwayil mai kusan mikrohenri 12: naɗi 24 na waya mai milimita 1.5 a kan bututun roba mai faɗin milimita 40, a baje su a tsawon santimita 6. Yi naɗi 27 ka kankare wurare kaɗan don ka sami inda za ka matsa mahaɗi. Wayar dawowa kuma ta zama mita 10. A nan ne tarkon SWR ya fi kama mutane. Turjiyar watsawa ta cikakkiyar eriyar rubu'in zango kusan om 36 ce, amma ta wannan gajeriyar ba ta wuce om 6 ba. Duk sauran turjiyar da ke cikin da'irar asara ce: ta kwayil, ta bango, ta wayar dawowa da ke kwance a kan kankare. Idan asarar ta kai om 40, jimla ta zama 46, SWR ya yi kyau ƙwarai, amma kashi 13 cikin 100 na wutarka kawai ke fita. Idan ka gyara asarar ta sauko om 10, SWR zai haura zuwa 3:1, eriyar kuwa ta ninka ƙarfinta kusan sau uku. Saboda haka gajeriyar eriya da ta ba ka SWR mai kyau a faɗin zango duka ba tare da wata na'urar daidaitawa ba, abin zargi ce. Mai kyau takan yi ƙunci, ta kuma nemi a daidaita ta a gindi. In za ka iya ɗaga kwayil ɗin zuwa tsakiyar sanda ya fi, domin sashen waya mai ɗauke da babbar kwararar wuta shi ke watsawa, sai dai a can zai bukaci kusan ninki biyu na mikrohenri, ga nauyi a kan sanda.

Idan ba a yarda komai ya leƙo waje ba, ko hayaniyar maƙwabta ta yi yawa, sai eriyar zoben maganaɗisu. Zobe ne na bututun jan ƙarfe, an yanke shi a sama an sa kafasita mai murɗawa (faranti masu fuskantar juna da ake saita mita da su), a ƙasa kuma ƙaramin zobe mai kashi ɗaya cikin biyar na faɗin babban, shi ke jone da kowaks, ba ya taɓa babban. Zobe mai faɗin mita 1 na bututun milimita 22 yana da kusan mikrohenri 2.4, yana bukatar kafasita mai kusan pF (fikofarad) 200 a mita 40, pF 50 a mita 20, pF 20 a mita 15. Ƙaramin zoben santimita 20 ke nan.

Lambobin wannan eriya suna da ban mamaki, kuma su ke bayyana duk abin da ke lalacewa a jikinta. A megahaz 14.2 turjiyar watsawarta kusan kashi ɗaya cikin goma na om ce, asarar bututun kuma kusan 0.045, don haka a takarda tana fitar da kashi 68 cikin 100. Wannan bai kai desibel 2 na asara ba, wanda ke can nesa ba zai ma lura ba. A megahaz 7.1 turjiyar watsawa tana faɗuwa sau 16, ta koma 0.006, inganci ya sauko kashi 16. Yanzu ka ƙara mahaɗi ɗaya mara kyau mai om 0.05, wanda mitar hannu ba za ta ma gan shi ba: a mita 40 ka koma kashi 7. Shi ya sa ba a haɗa zobe da noti da kusoshi ko ɗan maƙali. Nemi bututu mai laushi irin na masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, guda ɗaya ba yanka, ka lanƙwasa shi a jikin wani abu mai zagaye. In milimita 16 ka samu, ya yi. Daga bakin bututu zuwa kafasita ka sa faffaɗan falle na jan ƙarfe, gajere, a like shi da dalma sosai ko a yi masa walda. Wutar rediyo a fatar ƙarfe take gudu, don haka faɗin bututu ke da amfani, kaurin bangonsa ba ya ƙara komai. In mita 40 kake so da gaske, faɗaɗa zoben: mai mita 1.6 yana kai kusan kashi 44, amma ya yi wa mita 15 da mita 10 girma. Mai santimita 80 kuma shi ya dace da mita 20 zuwa 10.

Kafasita ita ce zuciyar aikin kuma ita ce mai haɗari. Da wat 100, kwararar wuta a zoben tana wuce amfiya 25, bolt ɗin da ke kan kafasita yana kai dubu 4 zuwa 6. Ko da wat 10 ma yana kusan dubu 2. Kafasitar tsohuwar rediyon gida, mai faranti kusa da juna, tartsatsi za ta fara tun kana wat 5 zuwa 10, kuma tana da ɗan harshen ƙarfe mai gogar sandar juyawa, wanda shi kansa asara ne. Abin da ake so shi ne kafasita mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda wuta ke shiga ta faranti tsayayyu na gefe ɗaya ta fita ta ɗaya gefen ba tare da ta bi ta wurin gogayya ba, ko kuma ta gilashi wadda aka zuƙe iskar cikinta. Ga ta iska, ka ƙaddara milimita 1 na tazara ga kowane bolt dubu. Irin ta malam-buɗe-littafi ba ta cika wuce pF 70 ba, don haka don mita 40 ana ƙara mata tsayayya a gefe. Kebul ɗin kowaks mai kauri, RG-213, yana da kusan pF 100 a kowace mita, gajerun guntaye uku ko huɗu da aka jera tare suna yin wannan aiki a ƙaramin ƙarfi, muddin ka janye saƙar daga bakin da ke buɗe kamar santimita 1 don kada tartsatsi ya tsallaka.

Saitinta kamar zura zare ne a kafar allura. A mita 20 faɗin da SWR ke ƙasa da 2:1 bai kai kilohaz 10 ba, a mita 40 kuma da kyar yake ɗaukar murya ɗaya. Murɗa kafasita a hankali kana saurare har shuu ɗin rediyo ya yi tsalle, sannan ka ba da wat 5 ka ƙarasa da ma'aunin SWR. In mafi ƙanƙantar SWR ya ƙi sauka ƙasa da 1.5, matsa ƙaramin zoben: danne shi ya yi ƙwai, ko ka ɗaga shi kaɗan daga bututun. Sa wa kafasitar doguwar sandar roba da giya mai rage gudu, ko ƙaramar mota mai giya da za ka sarrafa daga ɗaki, domin kusantar hannunka kaɗai tana gusar da saitin, kuma taɓa ta ana watsawa ƙuna ce mai zurfi. Idan zobenka ya yi faɗin zango fiye da wannan, kada ka yi murna, nemi mahaɗin da ke ɗumi bayan minti ɗaya na watsawa. Tsayar da zoben a tsaye, nesa da ƙarfen baranda da bango aƙalla faɗinsa ɗaya. Yana ji yana watsawa ta gefunansa, ta fuskarsa kuma, wato inda za ka leƙa ta cikin ramin, kusan kurma ne. Juya wannan kurman wajen ya kalli inda hayaniya ke fitowa, sau da yawa za ka rage mataki biyu ko uku na S. Ga mai son zama a wuri ɗaya, kamar megahaz 14.074 na FT8 (salon aika gajerun saƙonni ta kwamfuta), ƙuncin ba matsala ba ne. Ga mai son yawo a zango yana farautar tashoshi, zai gaji da murɗawa.

Duba ko akwai bishiya ko wani abin ɗaurawa a tazarar mita 10 zuwa 20 daga barandar, wanda za a ba ka izini. In akwai, eriyar rabin zango da ake ciyarwa daga baki, EFHW, ta fi duk waɗanda na ambata, don cikakkiya ce kuma yawancinta na nesa da gini. Waya mai mita 20 tana ba da mita 40, 20, 15 da 10. Mai mita 10.1 tana ba da 20 da 10, in ka ƙara mata kwayil mai mikrohenri 34 da wata waya mai kusan mita 1.85 a bayansa, ta ɗauki mita 40 a tsawon mita 12, amma da ƙunci. Bakin irin wannan waya yana da turjiya kusan om 2,500, shi ya sa ake sa taransifoma mai 49:1: zoben feriti FT240-43, naɗi 14 na waya mai milimita 1, biyun farko a murɗe su tare da naɗi 2 na ɓangaren kowaks, da kafasita pF 100 mai jure bolt dubu 3 a bakin shiga don gyara manyan zanguna. Zoben feriti ɗaya yana ɗaukar wat 100 na murya, amma a FT8, inda ake watsawa ba tsayawa kusan daƙiƙa 13, ka tsaya a wat 25 zuwa 30. Alamar ya yi zafi ita ce SWR ya riƙa hawa a hankali kana cikin watsawa. Siririyar waya mai duhun launi ba ta ɗaukar ido. Ka bar mata sassauci ko ka sa roba mai miƙewa a gefen bishiya saboda iska. Kada ta bi ta sama ko ta ƙarƙashin wayar lantarki, kada kuma ta kasance inda in ta tsinke za ta faɗa kan wayar lantarkin. Wannan ya shafi sandar kamun kifin ma.

Waya mai kowane irin tsawo da taransifoma 9:1 da tiyuna tana aiki, ga masu son zanguna da yawa da waya ɗaya. Tsawon mita 8.8, 10.8 ko 12.5 ya kauce wa rabin zango a yawancin zanguna. Sai dai tiyunar da ke cikin rediyo ba ta gyara abin da ke faruwa a kebul. Mita 10 na siririn kowaks RG-58 yana cin kusan rabin desibel a megahaz 14 in komai daidai yake, amma da SWR 10:1 yana cin fiye da desibel 2, kusan kashi 40 na wutar. Gajarta kebul, ko ka kai tiyunar gindin waya. Daifol a cikin silin kuwa ta masu rufin katako da tayil ce, a miƙe tsakiyarta a lanƙwasa bakunan. A ƙarƙashin rufin kwano ko dakalin kankare ɓata lokaci ne.

Kowace ka zaɓa, sa cok a kebul, wato naɗin da ke hana wutar rediyo bin bayansa. Ba tare da shi ba bayan saƙar kowaks yana zama wani sashe na eriyar, ya shigo da wutar rediyo ɗaki, ya kuma kwashi hayaniyar ɗaki ya kai wa eriya. Alamunsa sanannu ne: makirfo yana cizon leɓe, kwamfuta tana yanke hulɗa da rediyo da zarar ka fara watsawa, SWR yana canzawa in ka taɓa kebul ko ka ƙara masa tsawo, lasifikar maƙwabci tana fitar da muryarka. Naɗa RG-58 sau 10 zuwa 12 a zoben FT240-31, ko 43 in manyan zanguna ka fi yi. Ɗaya a gindin eriya, ɗaya a bayan rediyo. Ga EFHW, bar mita 1 zuwa 2 na kebul tsakanin taransifoma da cok, wannan guntun shi ne wayar dawowarta. Naɗa kebul a iska kawai ba feriti yana tarewa ne a zango ɗaya, a wani zangon yana iya ƙara ɓarna.

Batun ƙarfi, ba na ba ka shawarar wat 100 a baranda. Daga 100 zuwa 25 mataki ɗaya ne kacal na S a wurin mai saurarenka, amma a wurinka bambanci ne babba: bolt ɗin kafasita ya ragu da rabi, feriti ba ya zafi, kayan maƙwabta sun huta. Akwai kuma lafiyar mutane. Kusa da zoben maganaɗisu filin yana da ƙarfi ƙwarai, kuma bango ba ya tare shi, mai yiwuwa gadon wani yana bayan bangon nan ko a saman kanka. Ƙasashe da yawa sun ɗora dokarsu a kan ma'aunin ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawara kan iyakar irin wannan fili ga jikin mutum, wasu suna wajabta wa mai lasisi ya yi lissafin tazara ya ajiye. Karanta sharuɗɗan lasisinka ka yi lissafin da ainihin ƙarfinka da irin watsawarka, ka kuma ƙara nisa sosai in akwai mai na'urar bugun zuciya a kusa. In hadari ya taso, cire kebul daga rediyo, zuge sanda.

Ƙaramin ƙarfi yana isa ne in ka zaɓi salon da ya dace. FT8, wanda Joe Taylor da Steve Franke suka fitar a 2017, yana karanta sigina har kusan desibel 21 ƙasa da hayaniya, inda murya ke bukatar ta ɗara hayaniyar. Saƙon Mos, na ɗigo da ja, ma ya fi murya nisa da ƙarfi iri ɗaya. Murya za ta yi a mita 17, 15 da 10 lokacin da zangon ya buɗe, musamman da rana da kuma a shekarun da ɗigon rana ke da yawa cikin zagayensa na kusan shekara 11.

Don sanin ko eriya tana aiki, tambayi masu jin ka. Watsa WSPR, salon gwada isar sigina ta kwamfuta, da wat 1 ko 2, ko ka yi kira a FT8, sannan ka duba shafin intanet na PSK Reporter ko taswirar WSPR ka ga tashoshin da suka kama ka da desibel nawa. Kwatanta eriya biyu yana bukatar kulawa, domin sararin sama yana canzawa da desibel 10 cikin 'yan mintuna. Kada ka gwada ɗaya yau ɗaya gobe. Yi ta sauya su a jere, wannan minti biyu, waccan minti biyu, na tsawon awa ɗaya ko fiye, da ƙarfi ɗaya, ka kwatanta rahoton tashoshin da suka ji duka biyun kawai, ka ɗauki matsakaici. Eriyar da ba ta aiki a lokacin ka cire ta ko ka gusar da saitinta, don a baranda mai mita 3 suna shafar juna. Raba rahotannin gida biyu, na kusa da na nesa, kuma ka lura da ɓangaren da gini ya tare: abu ne da aka saba gani tashoshin da ke bayan ginin su ji ka ƙasa da na gabansa da mataki ɗaya ko biyu na S. In haka ta faru, gwada canza karkatar sandar ko ka matsar da ita ƙarshen baranda kusa da kusurwar gini, ka sake awon, abu ɗaya kawai kake canzawa a kowane zagaye.